Kada Mu Ɗora wa Kirista Maganar da Bai Faɗa Ba

Gidan da muke haya a Aboabo irin gidajen Kumasi ne na da: ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mafi yawanmu Musulmi ne, amma ɗakin da ke kusa da ƙofa na wani dattijo ne Bafarafare daga wajen Bolga, ɗan Katolika, wanda ya tsufa yana gyaran mota a Suame Magazine. Hausarsa tsaf take, domin a zango ya girma. Ranar Sallar Layya nama ba ya wuce ƙofarsa, ranar Buronya, wato Kirsimeti, kuma matarsa tana dafa shinkafa da kazar da ta kawo mana muka yanka da hannunmu, don kowa ya ci ba tare da shakka ba.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimetin bara na dawo daga kasuwa na tarar da jikarsa tana kuka a bakin famfo. Ɗana, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ya sa ta kuka. Ya ce mata su Kirista suna cewa Allah ya auri Maryam ya haifi ɗa. Na ja shi gefe na tambaye shi inda ya ji wannan magana. Ya ce a wa'azin da aka yi da lasifika a bakin titi daren Asabar, kuma da malamin ya faɗa, jama'a kabbara suka yi.

Ban doke shi ba, domin abin da ya ji daga bakin babba ya maimaita. Amma abin ya tsaya mini a rai har yau, shi ya sa nake wannan rubutu. Ni Musulmi ne. Ban yarda Allah ya zama mutum ba, kuma a kan Ƙul huwallahu nake roƙon Allah ya karɓi raina. Duk da haka ra'ayina shi ne duk malamin da zai hau mumbari ko ya riƙe makirufo ya yi magana a kan aƙidar Kirista, wajibi ne ya fara faɗinta yadda masu ita suke faɗinta, har idan Kirista yana gefe yana saurare ya ce, e, haka muka ce. Bayan nan ya kawo hujjarsa, komai ƙarfinta. Wanda bai iya wannan ba, ya bar maganar ga wanda ya iya.

Da daddare na je na ba dattijon haƙuri. Ya ce, "Malam, zauna. Yaro bai yi laifi ba. Amma kai da kake karatu, ka taɓa jin wani fada ko fasto ya ce Allah ya yi aure?" Na ce, "Baba, ban taɓa ji ba." Ya shiga ɗaki ya fito da Littafi Mai Tsarki na Hausa, bangonsa duk ya sha jiki, ya buɗe farkon Bisharar Yohanna ya ce in karanta da kaina. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka ga abin da suke cewa, gwargwadon abin da na ji daga gare shi da abin da na bi na karanta daga baya.

Ayar farko ta Yohanna tana cewa tun fil azal akwai Kalma, Kalman yana tare da Allah, Kalman kuwa Allah ne. Aya ta 14 ta ce Kalman nan ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ginshiƙin aƙidar ke nan. A wurinsu Maryam ba ta haifi wani sabon allah ba, kuma babu saduwa. Cewa suke Kalmar Allah, wadda ba ta da farko, ta ɗauki jiki da rai irin na ɗan Adam a cikin budurwa, da ikon Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda Luka 1:35 ya kawo. "Ɗan Allah" a bakinsu suna ne na wata dangantaka da suke cewa tana nan tun kafin a halicci sama da ƙasa, tun kafin Maryam da kanta. Dattijon ya ce mini idan wani ya shiga cocinsu a Roman Hill ya ce Allah yana da mata, saɓo za su kira shi, kamar yadda mu ma za mu kira shi.

Ba a kan aya ɗaya suka tsaya ba. Suna kawo Yohanna 8:58, inda Yesu ya ce kafin Ibrahim ya kasance, "Ni ne", suna haɗa shi da sunan da Allah ya faɗa wa Musa a Fitowa 3:14, suna kuma nuna cewa masu sauraronsa duwatsu suka ɗauka nan take. Suna kawo Markus sura ta 2, inda ya ce wa shanyayye an gafarta masa zunubansa, malaman Yahudawa suka ce a ransu wa ke gafarta zunubi in ba Allah kaɗai ba. Suna kawo Toma, almajirin da ya yi shakka, wanda a Yohanna 20:28 ya ce masa "Ubangijina da Allahna" bai kuwa tsawata masa ba. Daga wasiƙun Bulus suna kawo Kolosiyawa 2:9, cewa dukan cikar Allahntaka tana zaune cikinsa a jiki, da Filibiyawa 2:6-11, cewa yana cikin surar Allah amma ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa. Daga Tsohon Alkawari suna ɗauko Ishaya 7:14, wadda Matiyu 1:23 ya maimaita, mai maganar ɗan da za a kira Immanuwel, wato Allah tare da mu.

Yanzu a duba yadda muƙabala ke gudana a zangunanmu. Malami zai ɗaga Baibul sama ya ce Yesu ya ji yunwa, Allah yana jin yunwa? Ya yi barci a cikin jirgin ruwa, Allah yana barci? Ya gaji a bakin rijiya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Jama'a su yi kabbara. A wurinmu wannan hujja ce mai tushe, domin Alƙur'ani da kansa ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 75, Almasihu da mahaifiyarsa sun kasance suna cin abinci. Amma malamin ya kamata ya san cewa Kiristan da ke tsaye can baya bai ji wani sabon abu ba. Aƙidarsa da kanta ta ce Yesu cikakken mutum ne mai yunwa da ƙishirwa da mutuwa. Tun ƙarni na farko sun yi faɗa da masu cewa jikin Yesu kama ce kawai ba jiki na haƙiƙa ba, har Wasiƙar Yohanna ta Fari 4:2-3 ta mai da shaidar cewa Yesu ya zo cikin jiki ma'aunin mai gaskiya da maƙaryaci. A taron shugabannin coci na Kalsidon na shekarar 451, a wani gari da yanzu ya zama unguwa a cikin Istanbul, suka rubuta cewa shi ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka, ba a cakuɗa su ba, ba a raba su ba. To idan ka ce masa Yesu ya yi barci, zai ce maka mutuntakarsa ce ta yi barci. Daga nan ne ainihin muhawarar ta fara, wato ko mai iyaka da marar iyaka za su haɗu a zati ɗaya, ko wanda ya san komai zai zama kuma bai san ranar tashin ƙiyama ba, kamar yadda Markus 13:32 ya ce Ɗan bai sani ba sai Uban. Amma mu a nan muke naɗe tabarma mu tafi gida muna cewa an ci su.

Akwai wata magana da ta fi wannan yawo, a wa'azi da WhatsApp: wai Sarkin Rum Kustantin ne ya ƙirƙiro Allahntakar Yesu a taron Nikiya na shekarar 325, wai a nan aka zaɓi littattafan Baibul aka ƙone sauran. Wannan ba haka ba ne, kuma duk ɗalibin tarihi zai kama mu da shi. Wasiƙar Filibiyawa an rubuta ta ne kimanin shekara talatin ko ƙasa da haka bayan zamanin Annabi Isa, fiye da shekara 250 kafin Nikiya. Wajen shekarar 112 wani gwamnan Rum mai suna Filini, wanda ba Kirista ba ne, ya rubuta wa Sarki Tirajan cewa Kiristoci suna taruwa kafin gari ya waye suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. Abin da ya tara su a Nikiya rigima ce a kan koyarwar Ariyus, wani limamin coci na Iskandariya a Masar. Shi ma Ariyus, da wasunmu ke kira mai tauhidi, bai ce Yesu annabi ne kawai ba. Cewa ya yi Ɗan halitta ne da Allah ya fara yi kafin komai, kuma ta wurinsa aka yi duniya. Taron ya ƙi wannan ya ce Ɗan da Uban zatinsu ɗaya. Maganar zaɓen littattafai ba ta cikin abin da suka zartar. Musulmi yana iya cewa an kauce wa koyarwar Annabi Isa tun da wuri, wannan matsayi ne da za a iya tsayawa a kai a kare shi. Amma ya ce sai a 325 aka fara, ya ba abokin muhawararsa sanda ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hujjojin da suka fi nauyi ba su muke ɗauka ba. A Yohanna 17:3 Yesu yana addu'a ya kira Uban Allah makaɗaici na gaskiya, ya kira kansa wanda aka aiko. A 14:28 ya ce Uban ya fi shi girma. A 20:17 ya ce zai hau wurin Allahnsa kuma Allahnsu. Ayar nan ta 10:30 da ake yawan kawowa, "Ni da Uba ɗaya muke", tana da 'yar'uwa a sura ta 17 inda ya roƙa almajiransa su zama ɗaya kamar yadda shi da Uban suke ɗaya. Kalmar Ibrananci da ke Ishaya 7:14 Yahudawa har yau suna cewa ma'anarta matashiya ce, kuma ayar tana maganar zamanin Sarki Ahaz. Jumlar nan ta Wasiƙar Yohanna ta Fari 5:7 mai ambaton Uba da Kalma da Ruhu a matsayin uku da suke ɗaya, masanan Kirista da kansu sun tabbatar ba ta cikin tsoffin rubuce-rubucen Girkanci, shi ya sa yawancin sababbin fassarori suka cire ta. Mafi yawan ayoyin da suka fi fitowa fili suna cikin Yohanna, wadda akasarin masana ke cewa ita ce ta ƙarshen rubutawa a cikin bisharu huɗu. Kirista mai ilimi yana da amsa ga kowanne daga cikin waɗannan, wasu amsoshin su sa ka yi tunani, wasu ni dai ba su gamsar da ni ba. Amma wannan ita ce muhawarar manya. Su kansu ba bakinsu ɗaya ba: cocin Kibɗawan Masar da na Habasha ba su karɓi lafazin Kalsidon ba, Shaidun Jehobah da ke ƙwanƙwasa ƙofofinmu ranar Asabar kuwa ba su yarda Yesu shi ne Allah Maɗaukaki ba sam.

Malamanmu na da sun san duk wannan. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya rarrabe ƙungiyoyin Kirista na Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya, ya faɗi abin da kowace ƙungiya ke cewa game da haɗuwar Kalma da jiki, kafin a zo ga raddi. Wajen shekarar 781 Halifa Mahadi ya zauna da Timoti, shugaban Cocin Gabas, a Bagadaza, suka yi kwana biyu suna tambaya da amsa a kan Almasihu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kowa ya tashi da addininsa da mutuncinsa. Kafin su duka, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najjashi a Habasha ya karanta Suratu Maryam, da aka matsa masa kuma ya faɗi abin da Musulunci ya ce game da Isa bai ɓoye ba, bai kuma zagi mai masaukinsa ba. Ba wani sabon abu nake nema ba, gadonmu ne muka yar.

Dattijon ya faɗa mini wata magana da ta taimake ni na gane inda hankalinsu ya dosa. Ya ce, "Malam, ku ba kun ce Alƙur'ani maganar Allah ce ba halitta ba, amma ga shi da tawada a kan allo, yaro yana wankewa?" Na ce haka ne, har Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha bulala da kurkuku a kan wannan, a fitinar da Halifa Ma'amun ya fara a 833. Ya ce, "To mu cewa muka yi Maganar ta sauko ta zama mutum." Na gaya masa a take cewa ba ɗaya ba ne, domin ba mai sujada ga takarda, kuma sifa daban, a ce wani zati ya ci ya sha ya mutu daban. Ya ce ya ji. Ba mu daidaita ba, ba kuma za mu daidaita ba. Amma tun daga ranar na daina ganin maƙwabcina kamar wanda bai taɓa tunani a kan abin da yake bauta wa ba.

Wani zai ce ai Alƙur'ani da kansa ya ce ta yaya zai sami ɗa alhali ba shi da mata. Gaskiya ne, a Suratul An'am aya ta 101. A karanta ayar da ke gabanta: tana maganar waɗanda suka sanya aljannu abokan tarayya suka kuma ƙaga wa Allah 'ya'ya maza da mata. Ayar ta tsarkake Allah daga kowace irin haihuwa, mun yi imani da haka. Inda aka fuskanci aƙidar Nasara kai tsaye kuwa, lafazin a fili yake: Ma'ida 72 ta ambaci masu cewa Allah shi ne Almasihu ɗan Maryam, Nisa'i 171 ta ce kada ku ce uku. Waɗannan sun ishe mu. Ba mu da bukatar mu ƙara da cewa ɗan Methodist na Adum ya yi imani da ɗaurin aure a sama. Ma'ida 8 ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci, Ankabut 46 kuma ta ce kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau. Faɗin abin da mutum bai ce ba shaidar zur ce, ko a kan wa aka yi ta.

Wannan magana ta shafi ɗaya ɓangaren ma. Duk mai shiga motar haya ta trotro daga tashar Kejetia ya taɓa haɗuwa da mai wa'azin da zai miƙe ya ce Alƙur'aninku ma ya kira Isa Kalmar Allah da Ruhu daga gare shi, saboda haka ya yarda shi Allah ne. Ayar da yake yankowa ita ce Nisa'i 171 ɗin nan, wadda farkonta ya ce Almasihu manzon Allah ne kawai, ƙarshenta ya tsarkake Allah daga samun ɗa. Ali Imrana 59 ta kwatanta shi da Adamu, wanda aka ce masa kasance sai ya kasance. Mai yanke rabin aya ya ɓoye rabi yana yi mana abin da nake ƙorafin muna yi masu, kuma shugabannin coci su ne ya kamata su ja masa kunne. Ni dai na fi jin nauyin gyara na gidanmu, domin a nan muryata za ta kai.

Akwai masu tsoron cewa idan aka koya wa yara ainihin abin da Kirista ke cewa, imaninsu zai girgiza. Na fahimci wannan tsoro, ni ma uba ne. Amma a duba inda muke zaune. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci kashi 71.3 ne cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kashi 19.9. Yaranmu da yawa makarantun Presby da Methodist da Roman da Anglican suke zuwa da safe kafin su tafi makarantar allo da yamma. Ba mu da ikon hana su jin Yohanna 1:1, za su ji ta a aji, a rediyo, a mota, a wurin jana'izar abokin aiki. Abin da muke da iko a kai shi ne daga bakin wa za su fara jinta, da kuma ko an ba su amsar da za ta tsaya. Yaron da aka raina da cewa Kirista wawa ne mai cewa Allah ya yi aure, ranar da ya shiga jami'a ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan ƙungiyar ɗalibai Kirista mai hankali da ladabi wanda ya haddace ayoyinsa, zai gano an yi masa ƙarya. Daga nan sai ya fara tambayar kansa, sauran abubuwan da malam ya faɗa fa? Ta wannan tsagar ƙadangare ke shiga. Na ga samari biyu a unguwarmu da suka rikice ta haka, ɗaya ya dawo bayan an sha wahala, ɗayan har yanzu mahaifiyarsa tana kuka.

Zaman lafiyar da ake yaba wa Gana ba daga sama ya faɗo ba. A watan Afrilun 2019, lokacin cikarsa shekara 100, Babban Limamin ƙasa Shaihu Usman Nuhu Sharubutu ya je cocin Katolika na Christ the King a Ankara, babban birnin Gana, ranar Ista ya zauna. Wasu sun soke shi, amma ba wanda ya isa ya ce tauhidin Shaihu ya ragu da ƙwayar zarra. Irin wannan aiki na manya yana sauƙin rushewa a ƙasa, a bakin famfo, idan abin da yara ke ji da dare ya saɓa wa abin da suke gani a talabijin.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Limamai da sarakunan zango da ke ba da izinin kafa lasifika a kan titi su tambayi mai wa'azi a kan me zai yi magana, idan kuma muƙabala ce, su tabbatar ya karanta abin da zai soka daga tushensa. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, ba a ɓoye yake ba. Makarantun Islamiyya da ke da manyan ɗalibai su ware darasi a kan addinai kamar yadda magabata suka yi, a faɗi aƙidar Nasara daidai, a kawo ayoyinsu, sannan a kawo amsar Musulunci da cikakken ƙarfinta. Mu iyaye kuma mu daina tura wa juna guntayen bidiyon da ake yi wa maƙwabtanmu dariya a ciki.

Washegari na zaunar da ɗana bayan sallar Asuba. Na karanta masa farkon Yohanna, na gaya masa abin da suke nufi da shi. Sannan muka karanta Suratul Ikhlas da ayoyin Suratu Maryam inda jariri ya yi magana a zanin goyo ya ce shi bawan Allah ne, an ba shi Littafi an sanya shi annabi. Na ce masa ga inda muka rabu da su, kuma rabuwa ce babba. Ya yi shiru, sai ya ce, "Baba, to me ya sa malamin bai faɗa haka ba?" Na ce masa zan je in tambaye shi, kuma na je. Da rana ta ɗaga ya ɗauki kokon da uwarsa ta dama da ƙosai ya kai ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya durƙusa ya gaida dattijon, ya nemi yarinyar ta fito.